Sunan da Na Kama a Kwatano

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, mai goyo ta lallashi nata ya yi shiru. Ga ta nan tafe, amma ba ta gizo ba ce, tawa ce. Tun da na dawo daga Kwatano ba a bar ni na huta ba. Wagga ta shigo ta ce, "Inna Hassi, yaya kika ga teku?" Waccan ta ce, "Wai da gaske mata na tuƙa babur can?" Babu mai tambayar abin da ya kai ni, alhali shi kowa ke son ji. To na sa an kawo takarda, in faɗa sau ɗaya a rubuta, wanda ya zo daga baya a karanta mishi.

Ina da ɗan fari. Kun sani, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi mishi wasa, ba ta kallonshi ido cikin ido. Haka munka taras a Mungadi, haka na yi. Da anka yaye shi, uwar mijina, Goggo, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, zana ɗaya ce tsakaninmu. In zan ba shi abinci sai in aje ƙwarya gefen ƙafarshi ta dama, in ƙwanƙwasa bakinta da yatsa, in juya in tafi. In zancenshi ya kama, sai in ce "na ɗakin Goggo".

Ƙanenshi Sa'idu shi na goya a fili, shi na yi wa rawa. Yaro ne mai tsoron cida, da ya ji tsawa sai kuka. Na ƙaga mishi 'yar waƙa bakin murhu, ina cewa Sa'idu yi shiru, hadari ya wuce garin Liba bai tsaya ba. Ba wajen kowa na koya ba, kuma ba wanda ya san ta sai wanda ya kwana gidanmu.

Anka kai na ɗakin Goggo makaranta Jega. Can ya koyi busa ƙahon Turawa, irin na jan ƙarfe da ake yi wa 'yan makaranta fareti. Mahaifinsu, Malam, manomi ne, shi ke jan salla a unguwarmu. Ya ce gidanmu ba a busa, ba a roƙo, ya zaɓa, ko ƙaho ko gida. Ran da zai tafi ya zo ya tsaya bakin ɗakina. Na juya baya, yadda ya kamata. Ya daɗe tsaye. Da na waiwaya babu kowa. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Goggo ta rasu, Malam ya rasu, ni kuma Sa'idu ya ɗauko ni ya dawo da ni Aliero, inda yake fataucin albasa.

To ga yadda abin ya taso. Jikata Rabi, 'yar Sa'idu, tana auren Bashiru, malami ne a babbar makaranta, gidansu na jikin namu. Duk Asabar bayan la'asar abokinshi Haruna, likitan dabbobi daga Jega, yakan zo su zauna gindin darbejiya su kunna wani kiɗa da suke kira jaz. Kiɗa ne babu mai waƙa. Kowane abin busa ya kama gabanshi kamar awaki sun ɓalle daga turke, sai ka fid da rai, sannan su haɗu bakin rijiya ɗaya. In ya ƙare su kama gardama. Wanga ya ce mai ganga ne ya riƙe kiɗan, wancan ya ce kai ba ka da kunne, a littafi kaza an bayyana.

Nakan leƙa in ce, "Maigida, yau ma biki babu amarya?"

Ya ce, "Ke ce amaryar, Kaka. Taso ki taka in ga ko sadakina bai faɗi banza ba."

"Wagga tsiyar ko mahaukaci bai san inda zai sa ƙafa ba."

Wata Asabar ina tsince wake bayan katanga, sai ƙaho ya tashi shi kaɗai, a hankali, kamar mai tsoron tada barci. Faifan waken ya suɓuce mini. Na zagaya ko mayafi ban gyara ba, na ce, "Bashiru, mai da shi baya." Ya ji ban ce maigida ba, ya mayar. Waƙata ce ta bakin murhu. Na fara bi da baki. Kafin ƙahon ya juya na juya, kafin ya sauka na sauka. Haruna ya cire gilashinshi ya riƙe a hannu.

Na ce, "Wa ya busa wanga?"

Haruna ya ce, "Wani ne a Kwatano, Kabi suke ce mishi. Akwai wani dattijo can da ke turo mana tsofaffin fayafayai ta waya. Sunan kiɗan ma Sa'idu, kamar sunan Alhaji ɗanki."

Na zauna ƙasa nan cikin tsakuwa.

Bashiru ya aika wa dattijon tambaya. Amsa ta zo: Kabi na raye, ciwon suga ya tafi da idanunshi, ya bar busa, jiki ya yi nauyi. Na ce wa Sa'idu ya shirya mu tafi mu ɗauko shi. Ya ce, "Inna, wanda bai zo jana'izar ubanshi ba, ni ba ni binshi." Na ce to ni zan bi shi. Abu ɗaya nake so, ya san uwarshi ta zo, in ya yarda in kawo shi gida ya mutu inda za a sa shi kusa da nashi. Da safe na taras Sa'idu ya sa an gyara mini gaban motar albasa. Bashiru ya ce shi zai raka ni, wai ba ya barin amaryarshi ta shiga duniya ita kaɗai. Na ɗaura gero da kuka da daddawa, na ɗauki tsohuwar ƙwaryata, munka kama hanya.

Daga Aliero munka bi Jega, munka bi Kalgo. Wanda bai zauna gaban motar albasa cikin bazara ba bai san kuka babu dalili ba. Direban yana ta ba ni haƙuri, ni ko na gode wa albasar, don ta rufa mini asiri. Kusa da Bunza taya ta fashe, munka sauka gindin wata tsamiya. Wata Bafillatana mai nono ta dama mini fura, ta ce, "Ina zuwa, Inna, da tsufanki?" Na ce, "Wajen wani yaro." Ta dube ni, ta ce, "Na fari?" Na kai ludayi baki. Ta ƙara mini nono, ba ta sake tambaya ba.

A Kamba, bakin iyaka, anka shigar da mu wata rumfa. Wani saurayi mai kaki, Hausarshi ta gabas ce, ya ce, "Hajiya, wajen wa za ki?"

"Wajen wani."

"Wani wa? Ba shi da suna?"

"Yana da shi."

"To faɗi mana."

Na sunkuyar da kai. Ya fara dariya, yana kiran abokan aikinshi su zo su ga tsohuwa za ta ƙasar waje wajen wanda ba ta san sunanshi ba. Wani babba a cikinsu, mai furfura a gemu, ya ɗago daga kujera ya ce, "Kai, bar ta. Ɗan fari ne. Kai uwarka kiranka take kamar ɗan aike, shi ya sa." Bashiru ya matsa ya faɗi sunan a madadina, anka buga takarda. Ku riƙe wanga a ranku, don zai dawo.

Munka shiga ƙasar Nijar, garin Gaya. Lokacin gadar da ke kan Kwara a rufe take, mota ba ta wucewa. Anka sauke albasa buhu buhu anka zuba cikin manyan jirage na katako, mu ma anka zuba mu bisa. Ni da ban taɓa ƙetare abin da ya fi gulbin Jega ba. Tsakiyar ruwa wani jirgi mai inji ya wuce mu, igiyar ruwa ta watso, rabin gerona ya jiƙe, takalmina ɗaya ya tafi. Na sauka ƙasar Binin da ƙafa ɗaya a takalmi. Bashiru ya ce, "Kaka, kin bar musu alama ke nan za ki dawo." Ban yi dariya ba, shi ma bai ƙara ba.

Garin da ke ƙetaren Malanbil sunanshi. Munka sauka gidan fatoma, mai saukar da 'yan albasa, mutumin Dandi, yana jin Hausa. Matarshi ta shanya mini gero bisa kwanon rufi, ta ba ni silifa. Da safe anka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, wanda ba ya son mai haƙori biyu. Na jiƙa shi cikin shayi har ya tuba. Daga nan babbar mota, yini guda. A Paraku anka tsaya, munka ci sakwara da cukun nono soyayye cikin jar miya. Abin da ya ba ni mamaki, mace da namiji su haɗu bakin hanya su manna kumatu, dama da hagu, kowa na gani. Wata mata kusa da ni tana ta sumbatar ƙaton ɗanta mai gemu tana kiran sunanshi, tana gyara mishi wuyan riga. Na ce a raina, waɗanga ba su da kunya. Amma ban iya ɗauke ido daga kansu ba.

Kwatano kuwa babura ne kamar fara, masu su duk da riguna ruwan ɗorawa. Mata na tuƙawa, gaskiya ne. Teku na gan shi, ruwa ne da ba ya kwanciya, ya zo da gudu ya koma, ya zo ya koma, kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Iyakar abin da zan ce muku a kanshi ke nan.

Dattijon da ke turo kiɗa Musye Dosu sunanshi, tsohon mai sayar da magani, siriri, da farin gashi. Ranar Lahadi munka isa gidanshi, ranar taronsu ce. Ɗaki ne tun daga ƙasa har rufi baƙaƙen fayafayai a jere cikin kwali, gefe guda littattafai. In zai ɗauko ɗaya sai ya goge hannu, ya riƙe shi ta baki baki, ya share shi da ƙyalle kamar jinjiri. Mutum kamar goma, maza da mata, duk manya. Da Bashiru ya gaya musu ko ni wace ce, sunka miƙe tsaye gaba ɗaya. Wani ya kama hannuna zai kai bakinshi, na fizge.

Na ce a kai ni wajenshi. Anka ce yanzu, yanzu, amma in fara ji tukuna. Sunka zaunar da ni kujerar tsakiya sunka sa faifai. Babu mai rawa, babu mai tafi. Kowa ya rufe ido yana kaɗa kai kamar masu wuridi. Da ya ƙare gardama ta tashi, irin ta gindin darbejiya, sai dai da Faransanci. Bashiru na juya mini abin da ya kama, wata mata mai jiki, Madam Selestin, na cike sauran, don ita dillaliyar albasa ce a babbar kasuwa, ta iya Hausar ciniki. Wanga ya ce Kabi wajen baƙaƙen Amurka ya ɗauko salonshi, ya saurari fayafayansu har sunka ƙoƙe. Wancan ya buga tebur ya ce ƙarya ne, ku ji yadda yake jan numfashi ba ya yankewa, wanga aikin masu algaita ne. Wata ta ce busan da ya yi yana saurayi ya fi, wani ya ce a'a, sai da ya sha wuya ƙahon ya yi magana. Bashiru, wanda ya zo rakiya, sai ga shi tsundum ciki, ya manta da ni.

Musye Dosu ya ɗauko wani littafi mai kauri ya buɗe mini. Ga hoto. Mutum tsaye da ƙaho a ƙirji, yana duban mai ɗauka. Goshin Malam, kunnuwan Goggo. Jama'a, ranar na fara kallon fuskar yaron ga ban kau da kai ba. A takarda. Na daɗe ina kallo har sunka yi tsit.

Na ce, "Mi anka rubuta ƙarƙashi?"

Bashiru ya yi jinkiri. Ya ce, "Sun ce maraya ne daga arewa, ba a san danginshi ba."

Na ce, "To ga ni."

Sai wani ya tambaya, wane ne Sa'idu? Ashe sun yi shekaru suna faɗa kan haka. Littafin ya ce wani mai ganga ne da ya mutu a jirgin ruwa. Musye Dosu ya ce shi a ganinshi wani waliyyi ne. Shi mai busan ko an tambaye shi ba ya amsawa. Na ce ƙanenshi ne, yana Aliero yana auna albasa, tsawa yake tsoro yana yaro. Ɗakin ya kaure da murna, suna rungumar juna, wani har da hawaye, wani yana cewa a sake sa faifan a ji da sabon kunne. Sun samu abin da suke nema. Ni ina zaune da ƙullin gerona bisa cinya, rana tana faɗuwa.

Madam Selestin ce ta lura. Ta ja ni waje ta ce, "Mama, zo in gaya miki gaskiya. Ɗakin bayan gidana yake zaune, ni ke dubanshi, da can ni ke yi mishi waƙa in yana busa. Bara ciwo ya tashi, yana ta kiran Inna, Inna. Tausayi ya kama mu. Muka je Zango, unguwar Hausawa, muka samo wata tsohuwa Bahaushiya, muka koya mata waƙar Sa'idu, muka ce ta ce ita ce. Bai daɗe ba ya gane. Ya jefe ta da kofi. Tun ranar ko Hausa aka yi kusa da ƙofarshi sai ya toshe kunne."

Musye Dosu ya fito ya same mu. Ya ce ya yi tunani, akwai hanya. Duk Kwatano babu wanda ya san sunan yanka na Kabi, ko su da sunka yi shekaru tare. In na shiga na kira shi da wanga suna, zai san wanga karon ba wasa ba ne.

Na ce, "Ba ni iyawa."

Madam ta ce, "Kin manta shi?"

"Ni na ji ran da anka raɗa mishi. Ba a kamawa ne."

Ta riƙe haɓa. "Wace irin uwa ce ba ta kiran ɗanta? Ni nawa na fari da sunanshi nake zaginshi, safe da yamma."

Na dubi Bashiru, don shi ɗan gida ne, ya sani. Ya kau da kai ya ce, "Kaka, lalura ce. Ba ya gani. In ba ki yi magana ba ta yaya zai san ke ce? Ko malamai ba su ce haramun ne ba."

Na ce, "Ba zancen malamai ba ne."

Ya ce, "Kin ƙetare ƙasa biyu. Kalma ɗaya ta rage."

Su masu ilmi ne, su sunka san shi shekarun da ban san shi ba, kuma don alheri suke faɗi. Na kwana gidan Madam ina juya sunan a baki ba sauti, kamar mai tauna tsakuwa. Da gari ya waye na ce to.

Da hantsi anka buɗe ƙofar. Yana zaune bakin gado, kai fari fat, ya fi Malam tsufa ran da Malam ya rasu. Ƙahon na bisa cinyarshi, ba busawa yake ba, yatsu kawai ke tafiya a kai. Su Musye Dosu na tsaye bayana. Na yi sallama. Yatsun sunka tsaya. Na buɗe baki na kama sunan. Da ƙarfi ya fito, fiye da yadda na nufa.

Na ji kukan tekun daga nesa. Sannan ya yi wata 'yar dariya. Ya yi magana da Hausar Mungadi, irin ta da, wadda ko a Mungadi yanzu sai tsofaffi.

"Dosu, har can kat tahi neman suna? Kun yi ƙoƙari. Wagga ta hi ta bara."

Na ce, "Ni ce."

"Baiwar Allah, ba ki da laihi, sa ki anka yi. Amma wanda yak koya miki bai gama koya miki ba. Uwata ba ta kama sunana. Ran da nih hwaɗa rijiyar gidan liman, ina jin ta daga ƙasa tana ihu, yaron mutane, yaron mutane. Ko rannan ba ta kama ba. Sai yau, don na makance?"

Na ce Goggo, na ce zanar da ke tsakanin ɗakuna, na ce tsamiyar bayan gida. Ya ce wanda ya sayar musu da suna shi ya ba su sauran. Bashiru ya sa baki ya ce shi surukin Sa'idu ne, ga waya a kira shi. Ya ce muryar da ya bari ta yaro ce, kowane ƙato na iya cewa shi ne. Sai na kama waƙar. Ya bari na kai Liba, sannan ya ɗaga hannu.

"Duk Kwatano an san wagga. Kuma ba ni anka yi wa ita ba. Ta bayan zana nij ji ta. Ku hita."

Munka fita. Musye Dosu ya zauna bisa dakali ya rufe fuska da hula. Bashiru ya ce, "Kaka, ki gafarce ni." Na ce ba shi ya buɗe bakina ba.

Na zauna gidan Madam kwanaki. Daga ranar ya bar cin abinci, in ya ji motsina a tsakar gida sai ya juya wa ƙofa baya. Likita ya zo ya ce jininshi ya hau, duk abin da ke tada mishi hankali a nisanta shi. Abin da ke tada mishi hankali ni ce. Bashiru kuma makaranta na jiranshi. Anka sa ranar komawa.

Da asubar ranar na roƙi Madam turmi. Na surfa geron da ya tsira daga Kwara, na daka, na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da daddawarmu. Na zuba cikin tsohuwar ƙwaryata. Na ce kowa ya tsaya nan. Na shiga ban yi sallama ba. Yana zaune yadda na fara ganinshi. Na aje ƙwaryar gefen ƙafarshi ta dama, na ƙwanƙwasa bakinta da yatsa, na juya.

Na ji gadon ya motsa. Na ji numfashinshi ya sake. Na kai bakin ƙofa na tsaya, bayana gare shi, kamar yadda ya taɓa tsayawa bakin tawa. Ku da ke saurare, ku gaya mini abin da zan yi. In na waiwaya na yi magana, na koma matar da anka ɗauko daga Zango. In uwarshi ce ni, to uwarshi aje ƙwarya take ta wuce. Na jira ko shi zai ce wani abu. Bai ce ba. Na wuce.

Hanyar dawowa ba ni da labarinta. An ce mini mun sake kwana Malanbil, an ce an buɗe mini taga don zafi. Ban sani ba.

Saura in gaya muku inda kowa ya ƙare. Madam ta kira Bashiru ta ce na ɗakin Goggo ya cinye tuwon tas, ya hana a ɗauke ƙwaryar. Wai da yamma ya tambaye ta, "Matar ga ta tahi?" Ta ce ta tafi. Ya ce, "Ba ta ce komi ba?" Ta ce ba ta ce ba. Ya ce, "To." Bai sake tada zancen ba. Ruwan farko ya sauka, munka yi shuka, kafin gero ya fid da kai ya rasu. Mutanen Zango sunka yi mishi sutura, can anka sa shi, cikin yashin bakin teku. Gurbin da na nuna kusa da Malam a Mungadi wani anka sa.

Musye Dosu da mutanenshi suna nan suna taron Lahadi. Bashiru ya ce yanzu sabuwar gardama gare su. Rabi sun ce wancan "to" na nufin ya gane, rabi sun ce bai gane ba, har wani na son ya sa a littafi. Sun aiko a tambaye ni. Na ce su da sunka san numfashinshi su faɗa, ni ban san shi ba.

Madam Selestin ta aje ƙahon da ƙwaryar bisa gadon, ta kulle ɗakin, ba ta ba da haya ba. Har yanzu albasar Sa'idu take saye. Sa'idu kuwa sau ɗaya ya yarda anka sa mishi kiɗan. Ya ji har ƙarshe, ya tashi ya tafi rumbun albasa, sai bayan magariba ya dawo, bai ci tuwo ba. Ran addu'ar bakwai shi ya yanka rago. Haruna ya bar zuwa ranar Asabar. Bashiru ya bar kirana amarya. Rabi ta haihu, namiji, na fari, tana kiranshi da sunanshi tun daga ɗaki har ƙofar gida, ban hana ta ba, ban kuma ce ta yi daidai ba.

Ni ga ni. Abin da uwata ta yi shi na yi, abin da tata uwar ta yi. Na riƙe shekara hamsin da wani abu, na saki sau ɗaya, kuma wanga sau ɗaya shi ya raba ni da shi. In hadari ya taso daga gabas nakan ce Bashiru ya kawo wayar ya aje kusa da ni ya fita.

Mai rubutun ga ya ɗaga alƙalami yana jira in faɗi sunan ya sa a ƙarshe. Aje alƙalaminka, ɗana. Ƙurunƙus, nan ta tsaya. Ku tashi ku duba tukwanenku.